Irin Tumatirin Baba

Da hantsi na isa lambu na tarar fangali uku sun yi baƙi ƙirin da kiyashi. Na durƙusa na tona da yatsa. Irin da aka zuba kwana huɗu da suka wuce ya cure ya yi danƙo, wani ma kiyashi sun kwashe shi.

Lambunmu yana bayan Kibiya, kuma ƙasarsa gishiri gare ta. Idan ruwan rijiya ya bushe sai ka ga fari-fari a kai kamar an barbaɗa kanwa. Irin kanti ba ya tsirowa a nan. Marigayi Baba yana da nasa irin tumatir, kuma akwai yadda yake yi masa. Kan yatsa yake tsomawa sau ɗaya a zumar amyarsa, ya kaɗa a ƙwarya cike da ruwa, ya jefa ɗan ƙaron nan da ƙudan zuma ke liƙe bakin amya da shi. Iri ya jiƙu daga asuba zuwa azahar, shi ke nan. Tun ina ƙarama ni nake riƙe masa ƙwaryar.

Bana Yaya Zailani, mai tuƙa adaidaita a Rano, ya ce shi ne babba, shi zai yi. Na ce masa yatsa ɗaya ne. A hankali na faɗa, kaina a ƙasa. Ya yi dariya ya ɗauke gwangwanin irin. Ba mu da wani irin bayan wannan.

Ina durƙushe ya iso.

"Bushra, me kike tono kamar kaza?"

"Yaya, zuma nawa ka zuba?"

"Kofi guda. Idan yatsa yana aiki, ai kofi ya fi. Kwana biyu ma na bar shi ya sha sosai."

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Kofi! Alewa ka haɗa wa kiyashi? Gishiri ya hana iri shan ruwa, kai kuma ka zo ka shaƙe shi da zuma!"

"Ke! Ni kike ɗaga wa murya?"

"Kai ɗin! Shekara ashirin Baba yana zaɓen irin nan, ɗa bayan ɗa. Sau nawa ka taka lambun nan yana raye? Na faɗa maka, ka yi mini dariya!"

Malam Ubaidullahi, maƙwabcinmu na lambu, ya dakata da ban ruwa yana kallonmu. A da, da na ruga na ɓuya. Ranar ko a jikina.

"Ina gwangwanin?" na tambayi Yaya.

Ya juya. Ya je ya lalubo shi a ƙarƙashin kujerar adaidaita. Na kife shi a gefen zanena na bubbuga. 'Yan ƙwayoyi suka faɗo, waɗanda suka maƙale a tsatsar gindi. Ba su kai talatin ba.

Washegari da asuba na ɗauko ƙwarya. Yaya ya miƙo hannu.

"Kawo in riƙe miki."

"A'a."

Na ɗora ta a cinyata na tsoma yatsa.

A rana ta takwas guda tara suka tsiro. Na kewaye su da ƙaya, na zuba toka saboda kiyashi. Na gaya wa kowa a gida, da ƙarfi, cewa bana babu mai tsinkar ko ɗaya don miya. Duk na iri ne. Gwangwanin kuwa yana cikin akwatina, na kulle.