Kwalba ta Huɗu

A ma'aikatar kula da muhalli, tsofaffin ma'aikata suna kiran su 'yan wucewa. Su ne matasan da aka ɗauko daga jami'a ana juya su sashe-sashe, wata shida nan, wata shida can, har shekara biyu, kafin a ga inda za a ajiye kowa. Wanda ya san wata shida kawai zai yi a ɗaki ba ya gyara ƙafar kujerar da yake zama a kai. Waɗanda suka tsara abin ba su yi wannan tunanin ba.

Auta tana cikinsu. Sunan gida ne, ya biyo ta ofis tun ranar da yayanta ya ƙwala mata kira da shi a bakin ƙofa. An fara kai ta sashen gwajin ruwa, amma jikinta kawai ke wurin. Hankalinta yana hawa na uku, sashen tsare-tsare, mai kafet da na'urar sanyaya ɗaki, inda za a kai rukuninsu ranar Litinin. Abu ɗaya ya rage, Shugabar sashe ta sa hannu cewa aikinta ya kammala. Doka kuwa a fili take: wanda aka samu aibi a aikinsa zai maimaita wata shidan.

Aikin ba wuya. Kowace Talata Baba Direba ya kai ta kogi, ta cika kwalba huɗu a wurare huɗu, ta rubuta kwanan wata, ta jera su cikin akwatin ƙanƙara, ta kawo ɗakin gwaji. Ba wanda ya taɓa raka ta ya nuna mata wuraren. Takardar miƙa aiki ta gada daga ɗan wucewar da ya gabace ta, shi ma ya gada daga wani, an kwafa an sake kwafa har haruffan sun koɗe. Layi na ƙarshe ya ce: "Wuri na huɗu, kan gada, a zura guga."

Ranar Alhamis ta zauna rubuta tata takardar miƙa aikin. Shugaba ta leƙo ta ce a haɗa da taswira wannan karon. Auta ta ja durowar ƙasa da ƙyar, ta zaro tsohuwar taswira, ta shimfiɗa. Ɗigo ja na huɗu ba a kan gada yake ba. Yana can ƙasa, bayan bututun da masana'antar fenti ke zubar da ruwanta. Gada kuwa tana sama da bututun. Wato wata shida tana ɗibar ruwan da bai ma isa wurin dattin ba, ana gwadawa, ana rubuta lafiya lau, tana sa hannu a ƙasa.

Ta ninke taswirar. Ta buɗe. Ta tashi ta sha ruwa, ta dawo, ta sake tashi. Daga ƙarshe ta fita wajen ajiye motoci, inda Baba Direba ke goge gilashi.

"Baba, wuri na huɗu, dama can a gada yake?"

Bai ko ɗago ba. "A'a. Da can gangare muke sauka, bayan bututu."

"To me ya faru?"

"Wani ɗan'uwanku ne, shekara uku ke nan. Ɗan gayu, takalmi kamar madubi. Ya zurma cikin taɓo har gwiwa, ya fito da ƙafa ɗaya babu takalmi. Sati na gaba ya ce mu tsaya a gada, ai duk kogi ɗaya ne."

"Kuma ba ka faɗa wa kowa ba?"

"'Yata, ni sitiyari aka ba ni. Ku ne masu digiri. Shida na ɗauka kafin ke, ba wanda ya tambaye ni ko da sunan kogin."

Ta koma ciki. A matakala ta ci karo da abokin rukuninta, wanda suke kira Farfesa saboda son dogon bayani. Ta gaya masa a gurguje. Ya dube ta kamar ta ce za ta yi murabus.

"Ke Auta, kwana huɗu ya rage! Kwafe takardar yadda kika same ta. Ke kika ƙirƙiro gadar?"

"Hannuna ne a kan sakamakon."

"Da hannun mutum shida. In kina son tsarki, rubuta wa na bayanki ya duba taswira. Shi ya ji da shi."

Shawarar ta yi mata daɗi, kuma nan ne munin abin. Ta zauna ta rubuta jimlar, ta goge, ta sake rubutawa. Ta san abin da na bayanta zai yi da ita, domin ta san abin da ita za ta yi da an rubuta mata.

Da safiyar Juma'a ta roƙi Baba Direba ya kai ta, ko don ta gani da idonta. Suka wuce gada suka tsaya a bakin gangare. Ta tuɓe takalmi ta sauka, taɓo na tsotsar ƙafarta. Tun kafin ta ga bututun wari ya tare ta. Ruwan wurin ya yi shuɗi-shuɗi, da wani maiƙo yana yawo a kai. Ƙasa kaɗan wani dattijo yana ɗiba da bokiti yana zuba wa kayan lambunsa. Ya ɗaga mata hannu ya ce sannu da aiki. Ta duƙa ta cika kwalbar da ta zo da ita.

Da ta koma ofis ta ajiye kwalbar a teburin Shugaba, da taswirar, da koɗaɗɗiyar takardar. Shugaba ta ɗaga kwalbar ta duba a hasken taga, ta karanta takardar.

"Kin san dokar?"

"Na sani, ranki ya daɗe."

"Kwalba ɗaya ba ta isa a tunkari masana'anta. Sai an ɗiba a wurin nan kowane sati, wata shida a jere. Ba zan ba sabon yaro ya je ya nemi gada ba." Ta tura takardar ficewar Auta cikin durowa ba sa hannu. "Laifina ya fi naki, shekara uku ban taka kogin nan ba. Wannan ni zan kai wa manya da kaina. Amma ke ma wata shida taswira na ƙarƙashin gwiwarki. Je ki wanke ƙafarki, kin ɓata min daɓe."

Ba yabo, kuma ba ta cancanci yabon ba. Abin da ya kamata ta yi a satin farko ta yi a na ƙarshe.

Ranar Litinin tana jin takun 'yan rukuninsu suna hawa matakala, da muryar Farfesa yana yi wa wani bayani. Ta tashi ta rufe ƙofa, ta dawo ta ji kujerar ta karkace, ta ninke tsohuwar takardar miƙa aiki gida huɗu ta cusa ƙarƙashin gajeriyar ƙafar.

Washegari Baba Direba ya miƙo mata takalman roba dogaye, sun fi ƙafarta girma nesa.

"Na ma'aikata ne," ya ce. "Shekara uku suna bayan mota. 'Yar wucewa, hau mu tafi."