Muryar Inna Saude a sifikar baya

Tun da Zaituna ta zo daga Rogo da bidiyon bikin Ja'afar, maigidana ya kasa zama wuri ɗaya. Ƙanwarsa ce Zaituna, Ja'afar kuma autansu. Ba don kallon amarya ta kawo bidiyon ba. Cewa ta yi a cikinsa akwai inda mahaifiyarsu, Inna Saude, take magana da wasu mata a bayan mai ɗauka, kuma da kunnenta ta ji Inna ta ambaci maigidan nawa a ranar. Inna kuwa ta rasu bayan bikin ba da jimawa ba.

Wani zai ce mene ne abin tayar da hankali a nan. To, shi ɗan fari ne, Inna kuma Bafulatanar Tudun Kaya ce ta gaske. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa nuna nata ne a gaban mutane ba. In ya je gaishe ta, bango take kallo tana amsawa. Ni ma da nake ba da labarin, Baban Ummu Hani nake ce masa, amma tawa kunyar ai wasa ce a kan ta Inna.

Yana da wata na'urar sauti a falonmu na Unguwar Hajji, mai sifika gaba da baya da wata ƙatuwa a ƙasa da ke girgiza mini kwanuka. Da hantsi ya kunna janareta, ya sa bidiyon. Ba a jin komai sai kiɗa da sanƙira yana ta zuba kirari. Ya ɗauki rimot ya shiga rage sifikar tsakiya, inda muryar sanƙiran ke fitowa, ya kashe ƙatuwar, ya ƙara na baya biyun, domin a cewarsa hayaniyar gefe can na'urar ke jefa ta. Ya zauna, ya miƙe, ya manna kunne a sifika, ya koma ya mayar da bidiyon baya. Na kawo masa fura, har ta tsinke bai kalle ta ba.

Muryoyin mata sun fara fitowa sama-sama, sai ya ce bari ya gwada tsarin waƙa ko zai fi na fim. Yana dannawa sanƙira ya dawo da ƙarfinsa, har Ummu Hani ta farka tana kuka. Ashe kowane tsari da nasa saitin, gyaran da ka yi a ɗaya ba ya bin ka zuwa wani. Haka ya sake farawa daga tushe. Ya gama da na waƙa, ya koma na ƙwallo, ya zo ya manta wanne ya gyara wanne bai gyara ba. Gaskiya haushi ya kama ni, tausayi ma ya kama ni, na rasa wanda zan bi. Na tsokane shi cewa ko wanzami ba ya juya kan mutum kamar yadda yake juya na'urar nan, ko murmushi bai yi ba.

Zaituna tana son ta kama motar Rogo kafin la'asar, man janareta kuma ya ja baya. Ta fara cewa wataƙila ita ce ba ta ji daidai ba, don dai ta sama masa hanyar haƙura. Bai kula ta ba. Ya koma tsarin fim, ya rage duk sifikun gaba har ƙasa, ya kai na baya ƙarshensu, ya durƙusa a bayan kujera.

Sai ga muryar wata mata tana tambayar wane ne wancan dogon da ke tsaye a rana yana ta shirya wa baƙi kujeru. Sannan muryar Inna, ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron a kama ta.

"Nawa ne. Tun safe bai ci komai ba, ku kai masa."

Ba ta kira sunan ba. Na zuba masa ido ina jiran in ga ko ransa zai ɓaci. Ya mayar da wurin baya ya sake ji, ya sake, har janareta ta yi tari ta mutu. Yana nan durƙushe, hawaye na bin gemunsa.

"An kawo mini tuwo ranar," ya ce da Zaituna. "Na ɗauka ke kika aiko."

Har yau na'urar tana kan wannan saitin. In yara suka kunna fim, bakin 'yan wasa kawai suke gani yana motsi, sai ƙarar mota da kukan tsuntsaye daga bayan kujera. Sun yi ƙorafi sun gaji, ni kuma na ɓoye rimot ɗin a cikin adakata.