Batir Ɗaya a Ɗakin Baba Sebastian

"Cire min fankar nan ka maida wa kifayena wutar," in ji Baba Sebastian.

Mordecai yana durƙushe da wayoyi a hannu, bai motsa ba. Kwana uku ke nan babu wuta a layinsu na Samaru, kuma batir ɗaya ne a gidan, tsohon batirin mota da ba ya ɗaukar abu biyu. Ko dai fanka ta juya a kan tsohon, wanda ciwon ƙirji ya kwantar tun bikin Ista, ko ɗan injin da ke motsa ruwan akwatin gilashinsa ya yi aiki. Jajayen kifayen nan biyar duk sun taso sama suna buɗe baki.

"Baba, zafin nan fa zai ƙarasa ka."

"Ciwo ya riga shi, Injiniya. Su kuwa me suka yi? Ruwa in ya tsaya, shaƙe su yake yi."

Shekara ashirin Mordecai yana gyaran fanka a kasuwar Sabon Gari, ba a taɓa tambayarsa wa ya fi cancantar iska ba. In ya bi maganar maƙwabcin nasa, me zai ce wa Sarah, 'yar tsohon, idan ta dawo daga sayen magani? In ya ƙi, mutumin zai kwanta yana shan iska, yana kallon kifayen da marigayiya matarsa Scholastica ta bar masa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Sai idonsa ya kai kan ƙusar bango. Robar ƙarin ruwan da nas ta cire da safe tana nan rataye. Ya ɗauraye ta, ya ɗebi ruwan akwatin a bokiti ya ɗora a kan kabad, ya tsoma robar, ya zuƙi ɗaya bakin har ruwa ya biyo, sannan ya saita shi a kusurwar da ruwan ya fi kwanciya. Siririn ruwa ya fara zubowa daga sama, ciyayin ciki suka soma rangaji.

Tsohon ya yi dariya har da tari. "An sallame ni, su kuma an ba su gadon asibiti ke nan?"

Fanka ta ci gaba da juyawa. Bokiti ya ƙare, Mordecai ya sake cikawa. Ranar la'asar ta ratso taga ta faɗa cikin gilashin, hasken ruwa ya hau silin yana yawo a hankali, har ɗakin ya zama kamar shi ma a ƙarƙashin ruwan yake. Kifayen suka sauka ƙasa.

"Kana ji?" in ji Baba, idonsa a sama. "Ruwa ya sauko a garinmu Zonkwa. Ce wa Scholastica ta kwashe shanya."

"To, Baba. Zan faɗa mata."

Yana ɗora bokiti na uku ya waiwayo. Hasken yana ta wasa a fuskar tsohon, idanun ba sa ƙiftawa.

Da Sarah ta shigo, ledar magani ta suɓuce mata a bakin ƙofa. Ta ja zane ta rufe mahaifinta, fanka tana ɗaga gefen zanen tana saki. Mordecai ya daɗe yana kallo. Can ya durƙusa ya zare wayoyin, ya haɗa na injin.

Fankar ta yi juyi biyu ta tsaya. Ƙananan kumfa suka fara hawa daga ƙasan akwatin.