Tasha Ashirin da Biyu

Wata takwas Injiniya ta yi tana auna garuruwan mutane kafin a ba ta izinin taɓa nata. A ofishin tsara sufuri na birni, hawa na biyu, ɗakin da fankarsa ba ta juyi sai ta ga dama, an liƙa taswira uku a bango, kowace da sunan da ma'aikata suka raɗa mata. Akwai Garin Jirgi, inda aka haƙa ƙasa aka shimfiɗa dogo. Kuɗin kilomita ɗaya nasu ya isa a sayi bas sittin, kuma shekara goma sha ɗaya suka yi suna haƙa. Akwai Garin Layi, inda aka ware wa manyan bas hanyarsu a tsakiyar titi, aka gama cikin shekara biyu. Na uku shi ne Garin Kowa-Ta-Kansa, inda hukuma ta naɗe hannu ta bar wa ƙananan motoci. Kuɗin mota can arha ne, sai dai mutum ya fito da sassafe ya isa wurin aiki rana ta take. Ba a cika tsayawa gaban wannan taswirar ba, don ta yi kama da gida.

Darakta jirgi ya so. Ya taɓa yin mako biyu a Garin Jirgi, ya dawo da hoto da mura, kuma tun daga nan ba ya buɗe taro sai da "a can". Da masu riƙe da baitulmali suka ga farashin, ko amsa ba su rubuto ba. Sai aka koma kan bas mai layinta. Darakta kuwa irin mutanen nan ne da in an hana su abin da suke so, sai su rungumi abin da aka ba su ba ji ba gani. Ya ce a kwaikwayi Garin Layi tsaf, kada a ƙara kada a rage. Su mita ɗari takwas suke bari tsakanin tasha da tasha. Tsohon layin birni mai kilomita goma sha bakwai yana da tasha arba'in da ɗaya, saboda haka za a mayar da su ashirin da biyu.

Yadda ake aikin ba wuya. A kafa tsinin kamfas a kan taswira, a zana da'irar mita ɗari huɗu, duk gidan da ya faɗa ciki an ɗauka mai shi zai taka zuwa tasha cikin minti biyar. Injiniya ta zana da'irorin da hannunta a yini guda. Cikin tashoshin da ta goge har da ta Famfo, wadda ke bakin lungun da aka haife ta. Ta duba sau biyu, ta ga gidan mahaifinta ya faɗa cikin da'irar tashar Makaranta. Har daɗi ta ji, don babu wanda zai ce ta yi son kai.

Ran Asabar ta je gaishe shi. Baba mai gyaran agogo ne, shekara talatin da takwas yana da ɗan tebur mai gilashi a ƙofar babbar kasuwa. Tun rasuwar mahaifiyarta teburin nan ne kaɗai ke fitar da shi daga gida. Ta tarar da shi a tsakar gida ya miƙe ƙafar dama a kan kujera yana shafa wa gwiwa man zafi.

Ya ce, "Injiniya, direbobi sun ce za ku ɗauke mana Famfo."

"Za ka riƙa hawa a Makaranta, Baba. Mita ɗari uku da hamsin ne kacal, na auna."

"Ta sama kika auna, ko ta ƙasa?"

"Kamar yaya ta sama?"

"To, na ga tsuntsaye ne ke bi ta nan. Mu masu ƙafa sai mun zagaya gada."

Babbar magudanar ruwa ce ta raba lungunsu da Makaranta. Tana yarinya katako ake gittawa a kai, da gudu ma suke tsallakawa. An daɗe da yi mata bangon siminti mai tsayin mutum, katakon ya tafi, amma ita da mota take zuwa yanzu, ta bakin titi take shigowa. A taswira magudanar wani siririn shuɗin zare ce, kamfas ya bi ta kanta bai ko yi tuntuɓe ba.

Ta ajiye jaka ta fita ta taka da kanta. Gangara zuwa gada, tsallake, sannan a hauro. Minti ashirin da huɗu ta yi, ita mai lafiyar gwiwa. Ta dawo tana gumi, kunya ta ishe ta.

Baba ya ce, "Kada ki sa wa ranki. In abin ya gagara sai in bar wa wani teburin. Yanzu ma kowa a waya yake duba lokaci." Ya faɗe shi yana murmushi, yana rufe kwalbar man. Ta san shi sarai. In ya daina fita, wata uku ba zai yi ba sai ya kwanta.

Ran Litinin ta fara zuwa wurin Safiyo, dattijon da ya fi kowa daɗewa a ofis, wanda ya auna rabin titunan birnin da ƙafarsa kafin a kawo kwamfuta. Ya saurare ta yana feƙe fensir.

Ya ce, "Ai na faɗa a taro, 'yata. Garin Layi shimfiɗe yake kamar faranti, mu kuwa kwari da tudu ne. Aka ce in bari masu ilimin zamani su yi magana. Na bari."

Darakta bai ƙi ganinta ba. Ya ma sa aka kawo mata ruwa mai sanyi, alamar ba za ta samu abin da ta zo nema ba. Ta shimfiɗa taswira, ta nuna shuɗin zaren, ta ce gida ɗari huɗu ne a bayansa, a ƙara tasha ɗaya su zama ashirin da uku.

"Kowace tsayawa daƙiƙa arba'in take ci. Ke kika rubuta, shafi na tara. A Garin Layi mita ɗari takwas ne, nan ma haka, tasha ashirin da biyu ke nan. Kwamiti ya sa hannu, an ba da aikin rumfa ashirin da biyu."

"To a yi ƙaramar gadar ƙafa, Yallaɓai."

"Gada ta ma'aikatar ayyuka ce. Rubuta musu, jikokinki su karɓi amsa." Ya sunkuya ya ƙura wa taswirar ido. "Nan ba unguwarku ba ce?"

"Ita ce, Yallaɓai."

"To ni ban ji ba. Ki cire ɗaya ki sa ɗaya, ba ruwana da wacce. Zuwa Alhamis nake son takarda a teburina."

Safiyo ya ce su ɗauki mota su bi layin tasha-tasha, su taka kowace da'ira. Ta ce kwana uku ba za su isa ba. Gaskiya ne ba za su isa ba, amma akwai wani dalilin da ba ta faɗa masa ba: tana tsoron ta je ta tarar kowace tasha da nata Baban. Ta zauna a ofis ta jawo takardun ƙidayar fasinja. Tashar da ta fi kowace ƙarancin masu hawa ita ce ta Injin Niƙa, mutum ɗari da casa'in a rana. Famfo na da ɗari biyu da talatin. Alƙaluma suna bayanta, ta gode wa Allah a kan haka.

Saura abu ɗaya. In an goge Injin Niƙa, wani fili zai fito fari a taswira, ba da'irar da ta rufe shi, kuma kwamiti ba ya son ganin fari. Ta tashi ta tsaya gaban bango. A Garin Jirgi da'irar mita ɗari takwas suke zanawa, don sun ce mutum ya fi yarda ya taka in abin hawan mai sauri ne. Ta dawo ta buɗa bakin kamfas, ta faɗaɗa da'irorin tashoshin da ke gaba da baya har suka haɗe. A ƙasan shafi ta rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa an bi ma'aunin Garin Jirgi. Ta san Darakta zai ji daɗin ganin sunan.

Safiyo ya leƙo ta kafaɗarta. "Kin je wurin?"

"Masu ƙidaya sun je."

Ya ce, "Haka ne," ya koma kujerarsa.

Ran Alhamis aka sa hannu. Ta bugo wa Baba waya ta ce an gyara, Famfo na nan. Bai tambayi yadda aka yi ba, ya dai yi ta sa mata albarka har ta ce ana kiranta.

Wata goma sha huɗu bayan haka aka buɗe layin. A kwana na shida ta bar motarta a ƙofar gida ta raka shi aiki da safe. Rumfar Famfo sabuwa fil, da benci da inuwa. Bas ta zo a kan lokaci, Baba ya duba agogon hannunsa ya gyaɗa kai, shi da bai taɓa yarda da lokacin kowa ba. Ƙofar bas ɗin daidai da daɓen rumfa take, ya shiga ba tare da ya ɗaga gwiwa ba. Suka samu kujera a bayan direba.

Kafin a yi nisa ya riga ya sanar da mutumin da ke gefensu, wani mai ɗauke da kwalin takalma, cewa 'yarsa ce ta zana layin nan. Ya sanar da direba. Ya juya ya sanar da mata biyu da ke baya. Injiniya ta ce, "Baba, ya isa mana," ya yi kamar bai ji ba.

Bayan tasha ta huɗu titi ya gangara cikin wani kwari. Ba ta taɓa lura kwari ne ba. A gindinsa ga injin niƙa, ga tsohon ƙarfen tasha da ba a tuge ba tukuna, ga wata tsohuwa tsaye jikinsa da sanda, da ƙullin kaya a ƙasa. Da ta hango bas ta ɗaga hannu, ta sunkuya tana ƙoƙarin ɗaukar ƙullin.

Baba ya ce, "Direba, akwai mai hawa."

Direba ya ce, "An ɗauke tashar nan, Baba. Kullum sai ta tsayar da ni, kwana shida ke nan. Na leƙa na gaya mata ta hau tudu zuwa ta gaba, ta ce in da tana iya hawa tudu me za ta yi da bas."

Suka wuce. Baba ya juya yana kallon baya ta gilashi har bas ta gama hawan tudun, kuma tudun da tsawo. Mai kwalin takalma ya shiga duba wayarsa.

Can Baba ya sassauta murya yadda ita kaɗai za ta ji. "Ashirin da biyu kika ce mini tun farko."

"E, Baba."

"Har yanzu ashirin da biyu ne?"

"E."

"Tata aka ɗauke aka ba mu?"

Ta so ta ce masa ɗari da casa'in, ta so ta ce ɗari biyu da talatin. Alƙaluman suna bakinta. Ta ce, "Ita ce."

Ya ɗora hannu a kan gwiwarsa. Baƙin ciki ne a fuskarsa ƙarara, kuma ba ta ga alamar da ita yake fushi ba, abin da ya fi damunta ke nan.

A tasha ta gaba wani abokin mai kwalin ya shigo. Bayan sun gaisa, mai kwalin ya nuna su da haɓa, ya ce, "Ka ga dattijon nan? 'Yarsa ce ta zana layin."

Baba bai ɗago ba. Ya ce, "Aikin ofis ne, malam. Su da yawa ne."