Uwar Askin Luzmila

"Ruwa ya ɓalle! Teófila, magudana ta fashe!"

Teófila ta yar da buhun dankalin da ke hannunta ta fito a guje. Can saman ƙauyen, ruwan da ya kamata ya bi magudanar dutse ya shiga gonaki bi da bi, ga shi yana gangarowa ja wur da laka, yana tsallake gonakin nan masu hawa-hawa, yana kwasar masarar da ko gwiwa ba ta kai ba.

Mahaifinta, Baba Nemesio, shi ne sarkin ruwan bana, mai raba wa gonakin ƙauyen ruwa. Shekara talatin yana jiran sandar sarautar mai kan azurfa, wata huɗu kacal ke nan da aka damƙa masa ita. Idan ruwa ya lalace a hannun mutum, a gaban jama'a ake karɓe sandar, gidansa kuma ya koma ƙarshen layin ban-ruwa.

Ta kama hawa. Sana'arta ce kai baƙi ƙasan kwazazzabon Colca ta dawo da su, don haka ta riga mazan ƙauyen isa idon ruwan da magudanar ke farowa. Nan ta tsaya cak.

Baƙi ne sun fi ashirin, kowa da jakarsa a goye, suna ta dariya. Kowannensu ya tsuguna yana ɗora dutse kan dutse, yana ɗaukar hoto. Duwatsun kuwa daga bangon magudanar suka zaro su, bangon da kakanni suka jera ba siminti, wanda in ka cire ɗaya goma za su biyo shi.

A gefe ga Wilber, wani ɗan rakiyar baƙi daga birnin Arequipa, yana ɓare lemo.

"Wilber! Don ubanka, wa ya kawo ku nan?"

"A'a, Teo, yau ba gaisuwa?" Ya juya ga baƙin yana nuna ta. "Ga ta nan, ita ce!"

Sai suka hau tafi. Wata ma ta matso za ta rungume ta.

"Ke fa kin zama tauraruwa," in ji Wilber, ya miƙo mata waya. "Wata biyu ke nan duk mai goyon jakar da ya sauka a tasha, idon ruwan Teófila yake tambaya. Ni dai taswira na bi."

Hotonta ne, sanye da hularta mai aikin zare, a tsugune a nan inda take tsaye. A ƙasa an sa sunan wadda ta rubuta: Femke.

Femke. Baturiyar da ta faɗi bara a hanyar hawowa daga kwazazzabo, leɓunanta sun yi shuɗi. Teófila ce ta ɗora ta kan alfadari, ta kai ta gida, ta yi kwana tara tana ɗura mata shayin ganyen koka, maganin ciwon hawan tsauni, da romon kaza. Da Femke ta warke, ranar da Teófila za ta yi wa 'yarta Luzmila askin farko, sai ta tsallake ƙannenta biyu ta miƙa wa Femke almakashi. A al'adarsu, wadda ta fara yanke gashin yaro ta zama uwar askinsa, ta zama 'yar gida har abada. Shi ya sa washegari da safe ta kawo ta nan, inda ba a kawo baƙo, ta nuna mata yadda ake ɗaga dutse ɗaya a sa wa tsaunin da ke ba su ruwa ganyen koka uku, a mayar da dutsen. Femke ta dafa kan Luzmila ta rantse ba mai ji.

"Karanta min," Teófila ta ce.

Wilber ya gyara murya yana fassarawa. "Ta ce Arequipa gari ne fari fat kamar an wanke shi da madara, ta yini a tsohon gidan mata masu zuhudu, ta ci barkono cushe da nama har ta yi hawaye. Ta ce manyan ungulayen kwazazzabo sun burge ta, amma motoci arba'in a wurin kallo sun ɓata abin. Sai nan: 'In kuna son na gaskiya, ku bi wannan taswirar. 'Yar'uwata Teófila ta nuna min asirin mutanenta. Ka ɗora duwatsu, ka faɗi burinka, tsaunin zai cika maka.'"

"Ban taɓa cewa haka ba! Mayar da dutse na yi inda yake!"

"To, ita dai haka ta gani. Mutum dubu tamanin sun karanta."

Mazan ƙauyen suka iso da shebur. Aka rushe tulin duwatsun baƙin, aka shiga ruwan sanyi har cinya ana toshewa da dutse da ciyawa, baƙin na ɗaukar hoton wannan ma. Kafin a shawo kansa rana ta take, gonaki goma sha ɗaya sun tafi.

Baba Nemesio ne ya iso ƙarshe, yana dogara sandarsa, tare da Don Fortunato, shugaban ƙauyen. Don Fortunato ya dubi ɓarnar, ya dubi baƙin.

"Nemesio, wa ya nuna wa bare idon ruwa?"

Tsohon ya saci kallon 'yarsa. Ta gane ya sani.

"Ni ne," ya ce. "Tsufa ne, bakina ya..."

"Baba, bari." Teófila ta fito daga ruwan, zanenta na ɗiga. "Ni ce, Don Fortunato. Uwar askin Luzmila na kawo. Na ɗauka 'yar gida ce. Ku hukunta ni, ku bar masa sandarsa."

"'Yar gida?" wata dattijuwa ta ce daga baya. "Ga ƙannenki biyu a raye kika ba mai goyon jaka almakashi. Yau ga askin an yi mana duka."

Don Fortunato ya girgiza kai. "Na ji ki, 'yata. Amma ruwa a hannunsa yake, ke kuma daga gidansa kika fito." Ya miƙa hannu.

Baba Nemesio ya goge kan azurfar da bakin rigarsa, a hankali, sannan ya miƙa. Da ya juya zai sauka, hannunsa ya lalubi abin dogarawa bai samu ba. Teófila ta matso ta tallafe shi, ya janye kafaɗarsa.

A bakin ƙauye, inda waya ke kamawa, ta aika wa Femke hoton gonakin. Ba a yi minti biyar ba amsa ta zo cikin murya, da fara'arta: "Wayyo, 'yar'uwa, ruwan sama ne? Kin ga rubutuna? Na so in ba ki mamaki! Yanzu baƙi za su yi miki yawa. Ki sumbatar min Luzmila!"

Teófila ta goge lambar Femke.

Ta doshi gida ke nan sai ta ga wata farar mota a ƙofarsu, irin wadda ba ta taɓa hawowa nan ba. Wani mutum mai takalmin birni yana sauke ƙarafan awon ƙasa, wani babban allo kuma na jingine da katangarsu, fuskarta a jiki ta fi ƙofar gidan tsawo.

Ya cire tabarau, ya dubi allon, ya dube ta.

"Ke ce Teófila? Madalla. Ina zan samu mai izinin idon ruwan nan? An ce mahaifinki ne."