Suruki a Bayan Mota

"Bawan Allah, zo ka kama mana mu ɗaga ta, ƙarfinmu bai kai ba."

Imogen ce ta faɗi haka, ɗalibar likitanci da aka turo mana daga birnin Adelaide, tana yafito Jakamarra da ke tsaye can bakin shinge ya ba mu baya. Ni dai kunya ce ta kama ni kamar ni na yi ɓarin bakin.

Goggo, maƙwabciyata, tana kwance a kan katifarta a gindin bishiya. Ba zan faɗi sunanta ba, mu ba ma kiran sunan wanda ya rasu. Ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Ke 'yar nan, ranar da kika zo me na gaya miki game da ƙofa biyu na asibitinmu?"

"Kin ce don suruka da mijin 'yarta kada su haɗu."

"To wancan mijin 'yata ne. Kunnen naki na ado ne?"

Imogen ta yi jawur har wuya. Goggo ta kyalkyale da dariya sai da tari ya sarƙe ta.

Shekaru da dama Goggo ce ke karɓar ɗaliban da ake kawowa garinmu. Ta zaunar da su a ƙasa, ta ba su shayi da burodin da ake gasawa a toka, ta koya musu wanda ake kallo cikin ido da wanda ba a kallo, da yadda ake tambayar mace ciwonta. Duk wanda ya cika ta da surutu sai ta ce, "Ka ci gaba, yanzu na raɗa maka Jakamarra in huta da ganinka." Don a al'adarmu duk mai wannan suna surukinta ne, ba ya zuwa inda take. Ƙodarta ce ta gaza. Ta gaji da zaman wankin ƙoda a asibitin birnin Alice Springs, ta ce a bar ta haka, likita da 'ya'yanta suka zauna suka amince. Abu ɗaya ya rage mata, a kai ta ƙasar ubanta, gindin jan dutsen da aka haife ta, ta cika a can.

A nan gizo ke saƙar. Mota a-kori-kura guda ce a danginmu, ta Jakamarra, kuma shi kaɗai ya san hanyar. Amma tun da ya auri 'yarta Lorna bai taɓa kallon fuskar Goggo ba, bai taɓa ce mata uffan ba, balle su zauna kujera ɗaya. Icen girkinta shi ke sarowa, wutsiyar naman dajin nan kangaru shi ke ajiye mata a bakin shinge, amma ta hannun Lorna komai ke bi. Ni da Lorna ba mu iya tuƙi ba, nas kuma ba ta da damar barin asibiti.

Goggo ce ta raba gardama. "Wannan mai kunnen adon ta iya mota?"

"Na iya, Goggo. Hanya ce ban sani ba."

"Hanya tana bayanki. Ke dai ki saurara."

Nas ta ba Imogen maganin rage raɗaɗi da izinin tafiya. Muka sa Goggo a gaba, jingine da Lorna. Ni da Jakamarra muka hau baya, don ƙanena ne a dangi, babu komai tsakaninmu. Ya zauna ya jingina da kan motar, fuskarsa na kallon inda muka baro. Ya ce in gaya wa yarinyar, in ya buga rufin mota ta dama ta yi dama, in ta hagu ta yi hagu.

Haka muka yi ta tafiya. Da rana ta take, titi ya ƙare, sai yashi da ƙaya. Shi ta duwatsun da muka wuce yake gane inda muke, ya ɗaga hannu ta bayan kansa ya buga. Ƙarfen ya yi zafi kamar kasko, ni ko taɓa shi ban iya ba.

Can sai motar ta tsaya. Na leƙa ta taga. Numfashin Goggo ya sauya, yana yankewa yana dawowa, Imogen na riƙe da wuyan hannunta.

"Goggo, bari in duba ki, in ba ki magani."

"Kin taɓa ganin magani ya yi tuƙi? Ja mu je."

Na gaya wa Jakamarra yadda ake ciki. Daga nan bugun nasa ya ƙara ƙarfi, ya bar zagaye, ya ratsa da mu ta busasshen rafi. Ni dai na ɗauka a kan kujerar nan Goggo za ta cika.

Da la'asar muka isa. Mu uku muka sauko da ita a bargo, muka kwantar da ita tana fuskantar dutsen. Ta tura yatsunta cikin yashi, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ja rigar Imogen.

"Je ki gaya wa na bayan nan, ya kawo ni. Ki ce duk abin da yake ajiyewa a bakin shinge, na san hannun da ya kawo."

Imogen ta je ta faɗa masa. Ya gyaɗa kai. Kafin ta dawo Goggo ta cika, Lorna ta fashe da kuka, ni ma na kama.

Da kukan ya lafa na ɗaga kai. Yana nan a bayan mota inda yake, bai juyo ba. Gaɓoɓin yatsunsa sun fashe suna jini. Imogen ta hau, ta ɗora hannun a cinyarta tana naɗe shi da bandeji a hankali, shi kuwa yana kallon sawun tayoyinmu a kan yashi.