Abin da Labbo Ya Ɓoye

Labbo direban kamiyo ne, babbar motar ɗaukar siminti, a Malbaza, mutum mai barkwanci, har shekarar da ya ji wani ƙullutu kamar gurjiya a marainansa. Ba zafi, ba ƙaiƙayi, sai dai kullum yana ƙaruwa. Ya tuna kawunsa da ciwon daji ya cinye, ya ce a ransa tasa ta ƙare.

Wa zai gaya wa? Wurin ba na nunawa ba ne. Ya daina zama majalisar direbobi, ya ƙaurace wa shimfiɗar matarsa Tabawa. In ya sauke kaya a Ƙonni, sai ya zauna cikin mota shi kaɗai yana kallon hanya.

"Malam, mi na yi maka?" in ji Tabawa wata safiya.

"Ba komi."

"To, ba komin nan ya ishe ni."

Da damina ta faɗi, Tabawa ta kwashe kayanta ta koma gidansu a Tajaye. Bai hana ta ba. Gani yake gara ta saba da rashinsa tun yanzu.

Sai da tafiya ta fara yi masa wuya ya je asibiti. Aka yi masa aiki. Kowane gado da mai jinyarsa, wannan an kawo fura, wancan ana yi masa fifita. Labbo sai bango. Wata tsohuwa mai jinyar ɗanta ce ta riƙa ɗiba masa kunu.

Da ya koma bayan an auna abin da aka cire, likita ya ce, "Malam Labbo, ba daji ba ne. Ƙari ne marar lahani, irin da ba safai ake gani ba. Ba zai dawo ba, in sha Allahu."

Labbo ya fito bakin ƙofa da albishir a baki, babu wanda zai yi wa.

Ya nufi Tajaye. Ya tarar da Tabawa tana sussukar gero, ya durƙusa gefe, kansa ƙasa, ya faɗa mata komi. Ta ajiye taɓarya ta dube shi.

"Mutuwa ka gani, ka rasa wanda za ka ɓoye ma sai ni?"

Ta kawo masa ruwa, ta ce ya bari a gama aikin kaka, ta yi shawara da zuciyarta. Ya koma Malbaza shi kaɗai, ya share ɗakinta ya rufe.